Kawu Mai Dara da Saƙon da Aka Danne

Ɗan kawuna ya hana ni neman gafarar kawuna har aka sa shi a ƙasa. Bai tsaya nan ba. Ranar sadakar uku ya miƙe a gaban jama'a ya ce akwai waɗanda tsohon ya riƙe kamar 'ya'yan cikinsa, amma da ciwo ya kwantar da shi suka ɗauke ƙafa. Bai kama suna ba. Ba ya ma bukata, don sai da wuyoyi suka juyo wajena. Abin da aka yi mini ke nan, na faɗe shi tun farko don kada wani ya ce na zo masa da lulluɓi. Sauran maganar ta kawu ce. Na Allah muke, wajenSa za mu koma, ga shi kawu ya riga mu tafiya.

A ƙofar gidansa aka yi zaman makoki, a unguwar Sarkin Dawaki, ƙarƙashin mangwaron da ya fi shekara arba'in yana dara a gindinsa. An kafa rumfa biyu, an jera kujerun roba. Motoci suka toshe layin har mai ruwa ya rasa inda zai bi da kurarsa. Ni dai na zauna ina karanta fuskoki. Rabin mutanen nan ban taɓa ganin sun rage tafiya sun gaida kawu yana raye ba. Ɗansa suka zo wa, don yana da kujera a ofis. Wani mai babbar riga ya sunkuya ya tambayi na kusa da shi, "Wai marigayin a wace ma'aikata ya yi aiki?" Aka ce masa tela ne. Ya ce, "Ayya," ya koma kan wayarsa.

Wani malamin unguwa da aka ba addu'a ya roƙa masa gafara, ya ƙara da cewa Allah Ya yafe masa lokacin da ya ɓata a wajen wasa. Na ce amin, don babu wanda ya fi ƙarfin gafara. Amma na so in tambaye shi ko ya taɓa riga kawu shiga sahun farko ko da sau ɗaya.

Mutum ɗaya na gani wanda na yarda da kukansa. Ticha ne, tsohon malamin firamare, ɗan ƙabilar Mumuye, Kirista, abokin darar kawu tun kafin in yi gemu. Bai shiga rumfa ba. Ya zauna a kan saiwar mangwaron, sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana kallon inda aka shimfiɗa tabarmi a kan yashin da muke wasa. Da na durƙusa in gaishe shi sai ya kama hannuna ya ce, "Ka gani? Sun sa tabarma a kan gida. Suna taka shi, ba su sani ba." Shi ke nan abin da ya faɗa, hawaye na bin gemunsa.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ubana ya rasu ina ƙarami, makaranta kuma na bar ta a aji biyu na sakandare, ba don an kore ni ba, don kaina bai zauna ba. Akwai lokacin da na fara bin 'yan karta a bayan tasha. Kawu bai yi mini wa'azi ba. Wata rana ya zo da kansa, ya tsaya a kanmu da tsumman awo a wuya, ya ce, "Ɗan ƙanwa, in wayo kake ji da shi, zo ka gwada a inda babu sa'a." Ya kai ni gindin mangwaro, ya zuba mini duwatsu goma sha biyu a hannu. A ranar ya ci ni har ban san adadi ba. Na dawo washegari don haushi. Haushin nan ne ya riƙe ni shekara ashirin da wani abu, har na koyi facin taya na buɗe rumfata kusa da gadar Mayo Gwoi, na yi aure, na haifi 'ya'ya. Kullum in la'asar ta yi sai in bar rumfa in taho.

Ga wanda bai san dara ba, ba wata doguwar aba ba ce. Gurbi talatin ake tonawa a yashi, layi biyar, kowane layi shida. Mutum biyu, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya kara ɗaya dutse. Da farko a yi dasa, kowa ya ajiye ɗa ɗaya bi da bi har su ƙare. Sannan a fara tafiya, gurbi ɗaya kawai, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin wasansa. Shi ke nan. Amma kawu yakan ce, "Dara a wajen dasa ake cin ta, tafiya shaida ce kawai." In kana dasa kana surutu, sai ya dube ka ya ce, "Sannu da zuwa jana'izar kanka."

Yana da dokokinsa, kuma ba a rubuce suke ba. Ba a jera uku lokacin dasa. In ka jera huɗu ba ka ci komai ba, ya ce huɗu mushe ne. In ka taɓa ɗa, shi za ka tafi da shi, ko da kuskure ne. Ba a sa ko sisi a kan wasa. Wani direba ya taɓa ajiye kuɗi a gefen gurbi, kawu ya ɗauka da yatsu biyu kamar ya ɗauki mataccen ɓera, ya miƙa masa, ya ce tasha tana can gaba. Shi kullum kara yake riƙewa, baƙo ake ba dutse, wai dutse ya fi daɗin ɗauka. Wanda aka ci kuma shi zai durƙusa ya share yashin da tafin hannu, ya sake tona gurbi talatin da yatsansa, wanda ya ci yana zaune yana masa tsiya. Na ga darakta mai ritaya ya durƙusa ya tona. Na ga ɗan sanda da kaki ya tona. Kawu ya ce wanda bai iya durƙusawa ba kada ya zauna.

Yashin ma ba kowane ba. In bazara ta yi, ruwan Mayo Gwoi ya ja baya, sai ya sa mu je mu ɗebo, a tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwo. Matarsa, wadda duk muke ce wa Dada, takan ce, "Da miyata kake kula da ita haka, da na yi ƙiba." Shi kuma ya ce, "Miyarki ba ta taɓa cin Ticha ba."

In aka kira salla ana tsakiyar wasa, ba ya rushewa. Yana da wani tsohon tire na ƙarfe, sai ya kifa shi a kan guraben, ya ɗora dutse, ko a dawo bayan salla ko sai gobe. Bai taɓa sa mai gadi ba. Ya ce wanda zai ɗaga tiren nan a ɓoye ya motsa ɗa, ba dara ya sata ba, kansa ya sata. Ranar Lahadi ba a buɗe tire sai Ticha ya dawo daga coci ya ci abinci, ko da ba shi ke da wasan ba.

Bakinsa kuwa sai wanda ya iya haƙuri. In ka yi tafiyar banza sai ya tafa hannu ya ce, "Jama'a ku zo ku gani, akuyar Dada ma ba za ta shiga nan ba." Bai taɓa barin wani ya ci shi don tausayi ba. Lokacin da matar Ticha ta rasu, Ticha ya kulle kansa a gida kusan wata guda, ba ya ci ba ya fita. Kawu ya je ya tsaya a ƙofa ya ce ba zai tafi ba sai da shi. Ya jawo shi har gindin mangwaro. Mu duka muka ɗauka yau zai sassauta masa. Ina! Ya ci shi sau bakwai a jere, ya sa tsohon ya durƙusa ya tona sau bakwai, yana masa dariya. A na bakwai Ticha ya jefar da duwatsun ya ce, "Kai mugu ne! Mata na ta mutu kuma kana ci na?" Kawu ya ce, "Gobe ka zo ka rama." Da Ticha ya tafi na ce, "Kawu, wannan ai ba tausayi." Ya ce, "Yau zai kwana yana jin haushina. Ka san kwana nawa ya yi bai ji komai ba sai abu ɗaya?" Washegari Ticha ya riga kowa zuwa.

Akwai abin da ake kira doki. Shi ne ka tsara 'ya'yanka yadda ɗa ɗaya zai riƙa kai da komo tsakanin gurbi biyu, in ya je nan ya cika uku, in ya dawo ya cika wata ukun. Kowace tafiya ci ce. Wanda aka yi wa doki sai dai ya zauna yana kallo ana kwashe masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya fi kowa iya shi, kuma a kan dokin nan rigima ta fara shigo mana.

Ɗan kawu taubashina ne, ɗan namiji da ɗan mace, tun muna yara yake ce mini bawa ina ce masa ubangijin banza, muna dariya. Shi ya yi karatu, ya samu aikin gwamnati, ya gina gida mai get a unguwar Nukkai. Dara bai taɓa zama ya koye ta ba, wai tana ɓata wando. Sai ga shi wata Asabar ya sauko daga mota da allon katako an shafa masa fenti, an huda gurbi talatin da injin kafinta, da 'ya'yan roba ja da shuɗi, da takarda an buga da Turanci da Hausa. Ya ce shi da wasu abokansa sun kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiya, za a riƙa gasa, a ba da kofi, a nuna a talabijin. Yana son Baba ya zama uban ƙungiya.

Kawu ya ce a karanta masa takardar. Ticha ya sa gilashi ya fara.

Doka ta farko, a kan allo za a yi, a kan tebur. Kawu ya taɓe baki, sai ɗansa ya yi saurin cewa:

"Baba, zamani ya canja. Yara ba za su zauna a ƙasa su ɓata kaya ba."

"To su zo da tsohon wando. Wanda aka ci, me zai tona a jikin katako?"

"Ba sai ya tona komai ba. Su yi hannu kawai."

"A ci mutum ya tashi tsaf kamar ya fito daga wanka? To me ya koya?"

Doka ta biyu, huɗu ma ci ne. Kawu ya tofar da yawu gefe. Ta uku, za a sa agogon waya, wanda ya daɗe yana tunani ya rasa tafiyarsa. Ta huɗu, babu magana, babu tsokana, masu kallo ma su yi shiru.

"Dara ba baki?" in ji kawu. "To mene ne bambancinta da zaman makoki?"

Ta biyar ita ce ta doki. Wai sau uku kawai za ka hau, sai ka rushe shi da hannunka.

"Baba, in mutum ya samu doki wasa ya mutu. Masu kallo sai su gaji."

"Wa ya gayyato su? Doki ba daga sama yake faɗowa ba. Wanda ya yi barci lokacin dasa shi ya haife shi. Yanzu kana so mai ido biyu ya biya wa mai barci?"

Ticha ya cire gilashi ya ce haka aka yi wa wasan draf. Da can in ka ga ci ba ka ci ba, abokin wasanka ya ɗauke ɗan ya hura masa iska ya ajiye gefe. Yanzu yaran da suka koya a waya sun ce babu hurawa, dole a nuna maka ka ci. "Ita waya yana tunani, kai kana danna kawai. Shi ya sa na bari."

Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma na ɗauki allon na juya shi na ce, "Ubangijin banza, wannan ka kai wa madam, zai yi kyau da yankan albasa." Wurin ya fashe da dariya, har kawu. Taubashina bai yi dariya ba. Ya karɓi allonsa ya ce, "Ba laifinka ba ne. Wanda ya tsere daga aji biyu me ya sani game da tsari?" Daga ranar bai ƙara ce mini bawa ba. Sai "malam".

Ba zan ce duk abin da ya kawo sharri ne ba. Gaskiya ne yara sun bar dara, ludo ma a waya suke yin ta yanzu, kuma mu da muke gindin mangwaron kullum raguwa muke. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutumin da bai taɓa tona gurbi ɗaya ba ya tashi rana tsaka da son dara, daidai lokacin da ake maganar kofi da talabijin. Ya dawo sau uku ko huɗu da takardar nan, kawu yana ce masa, "Ka yi wasanka, ka sa masa sunan da kake so. Amma kada ka ce dara ce, kada kuma ka sa sunana."

Yanzu sai laifina, don ba zan ɓoye shi ba.

A farkon damina, wata ranar Talata, na samu kawu a inda ban taɓa samunsa ba. Saura tafiya biyu in kafa masa doki. Shekara ashirin ina jiran wannan rana. Sai aka kira magariba. Ya kifa tire, ya ɗora dutse. Na koma gida ina lissafa guraben a kaina, na san inda kowane ɗa yake kamar yadda na san haƙoran bakina.

Washegari da aka ɗaga tiren, dutsena ɗaya ba ya gurbinsa. Ya matsa gefe da gurbi ɗaya, kuma shi ne dutsen da dokin ya rataya a kansa.

Na ce, "Kawu, wa ya taɓa?"

Ya ce, "Ba wanda ya taɓa."

"Dutsen nan a gurbi na uku na bar shi."

"Inda ka gan shi nan ka bar shi, ɗan ƙanwa. Yi tafiyarka."

"Tire dai ba shi da hannu."

Ticha ya ce, "Kai, bari mana. A sake sabo." Ban saurare shi ba. Akwai mutane kusan goma a wurin. Na ce, da bakin nan nawa, "Ashe tsufa ba ya hana ha'inci."

Kawu bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya zuba karansa a aljihu, ya durƙusa da ƙyar, ya share yashin da tafin hannunsa. Ban taɓa ganin ya rushe wasan da bai ƙare ba sai ran nan. Sannan ya fara tona guraben da yatsansa ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda aka ci. Na tashi na tafi kafin ya gama.

Mako biyu ban je ba. Girman kai. Ina zaune a rumfata sai ga Ticha ya sauko daga Keke, abin da bai taɓa yi ba, don gwiwoyinsa ba sa son tafiya. Bai ko zauna ba.

"Kai wawa ne," in ji shi. "Tsohon nan ba ya gani."

"Wane irin ba ya gani?"

"Wata nawa yanzu yanar ido ta rufe shi. Ba ka ga yana shafa 'ya'ya da hannu kafin ya tafi ba? Da kai yake wasa, ba da ido ba. Ranar nan da zai rufe tire, ya lalaba, hannun riga ya ture dutse. Ni na gani. Shi bai sani ba."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ya roƙe ni tun da daɗewa. Ya ce in an sani, yaron nan nasa zai ɗauke shi ya kai Nukkai ya kulle. In na ce riga ne ya ture, za ku ce yaya bai gani ba. Na yi shiru, ina zaton kai kana da hankali."

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda ya daina ɗinki ya ce wai baya ne ke ciwo. Yadda yake gane mutum sai ya yi magana. Watanni yana cin mu da ido a rufe, ni kuwa da nawa biyu a buɗe ban lura ba. Na ce wa Ticha yanzu zan je. Ya ce, "Ka makara. Shekaranjiya ya faɗi a bakin rijiya. Yaron ya ɗauke shi."

A gidan kawu ba a ƙwanƙwasa ƙofa, sallama kawai ake yi a shiga. A Nukkai kuwa get ne na ƙarfe da 'yar ƙaramar taga. Zuwana na farko taubashina ya leƙo ya ce Baba yana barci. Na biyu ya ce likita ya hana a dame shi. Na uku na ce, "Don Allah, minti biyu kawai. Gafara zan nema in fita, ko daga bakin ƙofa ne." Ya ce, "Malam, ka zagi ubana a gaban mutane, yanzu ka zo ka tayar masa da hawan jini? In ya nemi ganinka za a kira ka." Na yarda da wannan, don akwai gaskiya a ciki. Na koma ina jiran kira. Kawu ba ya riƙe waya, ya ce ba ya magana da wanda ba zai iya miƙa wa goro ba. Wata huɗu ina jira. Kiran da ya zo shi ne na rasuwa.

A sadakar ukun nan, bayan ya gama maganar masu ɗauke ƙafa, sai ya sanar da cewa kafin Baba ya cika ya sa albarka ga ƙungiya da sababbin dokoki, har ya dangwala yatsa a takarda, kuma kofin farko da sunansa za a yi shi. Aka yi ta kabbara. Ni ban sani ba ko ya dangwala. Abin da na sani, mutum ne da ba ya gani, kuma babu ko ɗaya daga cikin 'yan gindin mangwaro da ya kasance a ɗakin. Kowa ya yi wa kansa hisabi.

Dada ta dawo tsohon gida don yin takaba. Na bari mutane suka ragu, sannan na shiga gaishe ta. Tana zaune a kan tabarma da carbi. Ta amsa gaisuwar a taƙaice, ba ta dube ni ba.

"Yanzu ka ga damar zuwa?"

"Dada, na je Nukkai sau uku."

Carbin ya tsaya. "Wane Nukkai?"

"Gidan. Sau uku ana mayar da ni daga get."

Ta ɗago ta dube ni da kyau. Ita Bafulatana ce, ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta ce, "Wancan ya ce ya aika maka har rumfa, ka ce ba za ka zo ba."

"Wa ya ce a aika?"

"Kawunka mana. Kullum la'asar ta yi sai ya ce, ɗan ƙanwa bai zo ba? Wata rana ya ce a gaya maka ya yi ta lissafi a kansa, dutsenka a gurbi na uku yake, kai ke da gaskiya, ka zo ku ƙarasa. Wancan ya fita ya dawo ya ce an faɗa maka, ka ce kai da dara har abada."

Na ce, "Dada, ya ce ya yafe mini?"

Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ina cikin takaba ba. Ban ji ya ce ya yafe ba, ban ji ya ce bai yafe ba. Da aka kawo masa amsar nan sai ya juya fuska bango. Bai ƙara tambayarka ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ɗana ne, kai ma ɗana ne. Don Allah ka yafe masa, kada ka je ka yi abin da za a ji ku."

Na ce mata sai na gan shi tukuna.

Allah Ya jiƙan kawu. Ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a ƙarshen kwanansa. Ya sa durƙuson da ya yi ran nan a gabana, ba da laifinsa ba, ya zama nauyi a mizaninsa. Tela ne, bai bar gidan sama ba, bai bar mota ba. Ya ciro ni daga bayan tasha ba tare da ya ɗaga murya ba, ya fito da Ticha daga ɗakin da ya so ya mutu a ciki. Ban taɓa kama shi da ha'inci ba, sau ɗayan da na ce na kama shi kuwa ni ne makaho. Duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ni ma ya sa ni a ciki, don ina bukata.

Bayan sadakar arba'in da kwana biyu, na zo wucewa na tarar da motar taubashina a gindin mangwaro. Ya zo da birkila suna awo, wai za a zuba siminti a kafa tebura na gasa. Ticha yana zaune a kan saiwarsa yana kallonsu. Da ya hango ni sai ya washe baki, ya buɗe hannu kamar ba komai.

"A'a, bawa! Kai nake nema. Abin da ya wuce ya wuce, Baba ya tafi, mu ne muka rage. Muna son alƙalin gasa wanda ya san wasan, har riga za a ɗinka maka. Me ka ce?"

Na matsa kusa da shi yadda ba sai na ɗaga murya ba, don na tuna roƙon Dada. Na ce:

"Sau uku na tsaya a get ɗinka. Yana ciki yana tambayata, ka shiga ka ce masa na ƙi zuwa. Ni na zalunce shi da bakina, ban musa ba, kuma da wannan kayan a kaina zan je in same shi. Amma kai ka sa ya juya fuska bango, ya mutu yana zaton ɗan ƙanwarsa ya yar da shi. Sannan ka miƙe a kan makokinsa ka nuna ni da baki. Simintinka ka zuba har saman bishiyar in ka ga dama, ba zan zo ba, ba zan hana kowa zuwa ba. Dada ta roƙe ni in yafe maka, na ce mata sai na gan ka. To na gan ka. Ban yafe ba. Kuma ban aiko kowa ya gaya maka ba, na zo da ƙafata, don na ga yadda saƙo yake ƙarewa in ya biyo ta hannunka."